Likitan Haƙori a Bayan Suwic

Ku da kuke ta cika min waya da "Auta, ya aka ƙare da likitan?", to ku gyara zama, yau zan faɗa muku komai, har da wanda na so in ɓoye. Wanda kuma yau ya fara shigowa, barka da zuwa. Ni ce autar gidanmu, aikina kuwa haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna a ofisoshi da makarantu. Ina hawa tsani, ina shiga silin, ina yawo da sukundireba a jaka yadda wasu ke yawo da jambaki. Shekaruna ashirin da bakwai, kuma a wurin Gwaggo, yayar mahaifinmu, wannan ba shekaru ba ne, gobara ce da ya kamata a taru a kashe.

Ita ta samo likitan.

"Likitan haƙori ne," in ji ta, "kuma mai haƙuri. Me kuma kike nema?"

Mun kwana biyu muna musayar saƙo da shi, amma ba mu taɓa ganin juna ba. Irin mutanen nan ne masu sa aya da waƙafi a saƙon waya. In na tura masa "ya gida", sai ya amsa da "Gida lafiya ƙalau, na gode. Ina fatan aiki bai yi miki yawa ba." Ni dai na rasa ko burge ni yake ko tsoro yake ba ni. Daga ƙarshe aka tsayar zai zo gidanmu ranar Asabar bayan La'asar.

Tun da sassafe gidanmu ya koma kamar za a zo a ba shi maki. Mama ta sauke labulen falo ta rataya sababbi, ta yage ledar kujeru, ta fito da kofunan nan na cikin kabad waɗanda tun ina firamare ta bayan gilashi kawai nake gaisawa da su. A kan gadona ta shimfiɗa leshi ruwan zuma mai duwatsu a wuya, da mayafi ruwan madara, da takalmin yayata mai tsini wanda ko tsayuwa ban iya da shi ba, balle tafiya.

Ina cikin gwada takalmin Oga, shugabanmu a wurin aiki, ya kira.

"Injiniya, kina ina?"

"Ina gida, Oga."

"Abokin aikinki yana asibiti, matarsa ce naƙuda ta tasar mata. Aikin cibiyar jarrabawar nan ya dawo hannunki. Kayan suna can tun jiya. Ƙarfe shida masu sa ido za su zo su kulle ɗakunan, ba mai sake shiga sai Litinin da yara za su zauna. Za ki iya?"

Jama'a, tun da na fara aikin nan ni ce mai riƙe wa maza tsani da miƙo musu kaya. Wannan ne karo na farko da aka ce ga aiki, ke kaɗai. Bakina ya ce "Zan iya" kafin ƙwaƙwalwata ta tuna da likita.

Da Mama ta gan ni na fito cikin rigar aiki mai aljihu ko'ina da takalmin but a ƙafa, sai da ta ajiye kofin da take gogewa a hankali don kada ya fashe.

"Yau? Yau ɗin nan da muke ciki?"

"Mama, aikin minti kaɗan ne. Kafin Azahar na dawo."

"Haka kika ce ranar bikin yayarki, kika shigo ana kwashe kujeru."

Na rungume ta na fice kafin ta ce ta kira Gwaggo.

Bari in ɗan yi muku bayani, kada ku gudu, ba mai tsawo ba ne. Suwic wani akwati ne shafaffe mai ramuka a jere a gabansa. Kowace kwamfuta a gini tana da kebul da ya taho ya shiga ɗaya daga cikin ramukan nan, ta nan take samun 'yan uwanta. Cibiyar tana da suwic uku tsofaffi, sun buɗe sabon zaure sun sayo na huɗu. Maimakon kowanne ya zauna yana cin gashin kansa, sai a haɗa su ta baya da wasu gajerun kebul masu kauri, su koma kamar abu ɗaya, ɗaya daga cikinsu ya zama shugaba, saura su bi umarninsa. Shi ake kira sitak. Na ɗaya ya kama na biyu, na biyu ya kama na uku, na uku ya kama na huɗu, sannan na huɗu ya zagayo ya kama na ɗaya, a rufe zobe. Amfanin zoben shi ne ko kebul ɗaya ya lalace, saƙo zai bi ta ɗaya ɓangaren, ba wanda zai ma lura. Kun ga ai ba wuya. Haka ni ma na ɗauka.

Manajan cibiyar ya tare ni a bakin ƙofa, wani siririn dattijo mai tarin makullai a ƙugu, yana tafiya suna yi masa kiɗa. Ya dube ni, ya leƙa bayana.

"Ina injiniyan?"

"Ga ta a gabanka, Baba."

"To, Allah ya taimake mu," ya ce, kuma ban gane ko addu'a ce ko ƙorafi ba.

Ɗakin na'urorin bai fi banɗakinmu girma ba. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin wani koren bokiti, akwatin ƙarfen da aka jera suwic ɗin a ciki kuma an manna shi da bango, tazarar bayansa da ƙyar hannu ke shiga. Na zauna a kan kwali na ɗora laftof a cinya. Na fara kwashe saitin tsofaffin na adana, don ko abu ya ɓaci ina da wurin komawa. Sai na duba manhajar da ke cikinsu. Nan matsalar take. Sabon ya zo da manhaja ta bana, tsofaffin suna kan ta shekarun baya, kuma in ba iri ɗaya ba ce ba za su yarda su haɗu ba. Dole in sabunta ukun nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma sai ya sha ƙamshinsa ya gama a lokacin da ya ga dama.

Azahar ta zo ta wuce ina kallon ɗigo-ɗigo suna tafiya a allo kamar tururuwa mai ciwon ƙafa.

Saƙon Mama: "Kin taho?"

Ni: "Saura kaɗan."

Saƙon murya daga Gwaggo, na kunna a hankali amma sai da ya cika ɗakin: "Ke Auta! Ina gidanku, na ga leshi a kan gado ban ga mai sawa ba. In kika kunyata ni yau, wallahi ko a hanya kika gan ni ki canza layi!"

Manaja ya yi tari ya kau da kai, makullansa suna rawa. Dariya yake yi, na sani.

Wajen uku da rabi manhaja ta daidaita. Na faɗa wa na sama cewa shi ne shugaba, na biyu mataimakinsa, na kashe su duka, na zura hannu ta baya na fara haɗawa. Na ɗaya da na biyu, ƙas. Na biyu da na uku, ƙas. Na uku da na huɗu, ƙas. Na ɗauko na ƙarshen, wanda zai taso daga ƙasa ya hau har sama ya rufe zobe. Na ja, na miƙe, na karkata. Bai kai ba. Ko kusa bai yi ba.

Na zazzage kwalin a ƙasa. Duk gajeru ne. Dogon, wanda aka saya musamman don wannan wurin, babu shi.

Na kira mai kula da sito na ofishinmu.

"Au, wani dogo baƙi mai kan ƙarfe? Ga shi nan a kan teburina ai. Na ɗauka ragowa ne. Amma ki hanzarta, biyar nake rufewa, ina da ɗaurin aure."

Ofishinmu yana can ɗaya ƙarshen gari. In na je na dawo a motar haya, sai dai in tarar an kulle cibiyar da suwic a kashe. Oga kuma yana wani aikin a wajen gari.

"Ba zai yi aiki haka ba?" Manaja ya tambaya.

"Zai yi, Baba. Amma in kebul ɗaya ya motsa ranar Litinin, rabin yaran allonsu zai tsaya cak suna tsakiyar jarrabawa."

"Ai ba zai motsa ba. Wa zai taɓa shi? Ki kunna mu tafi."

Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta zauna min. In kunna, in ga koren haske, in ruga gida in faɗa cikin leshi. Ba wanda zai sani. Amma sai na tuna ranar tawa jarrabawar, da a ce allon ya ɗauke a ranar ban san me zan zama ba. Ina cikin wannan lissafin waya ta yi ƙara.

Likita ne: "Na iso. Ina falonku. Gwaggo tana ba ni tarihin kakanku, mun kai wurin da ya sayi keke."

Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta "ina hanya" na goge. Na rubuta "ba ni da lafiya" na goge, mutum likita ai. Daga ƙarshe na rufe ido na rubuta masa gaskiya, duk da kebul ɗin da mai sito da ƙarfe shida. Na ƙare da "Ka yi haƙuri. In ka tafi ba zan ga laifinka ba."

Amsa ta zo nan take: "Turo min hoton irin kebul ɗin, da kwatancen ofishinku, da na inda kike."

Babu gaisuwa, babu fatan alheri. Karo na farko da ya turo saƙo kamar ɗan Adam.

Biyar da 'yan mintuna na ji takun mutane a baranda, da wata murya da ko a mafarki na san ta.

"Nan ne? A wannan akurkin take aiki? Ni aka ce min ofis mai sanyi!"

Gwaggo ce a gaba, da mayafinta na fita unguwa da jaka a hammata. Wai ba za ta bar shi ya zo shi kaɗai ba, ido na mutane. A bayanta kuma ga shi. Dogo, ba fari ba ba baƙi ba, da ɗan tabarau, cikin farin yadi ƙal wanda karin guga ke tsaye a hannunsa kamar bakin wuƙa. Ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ni kuwa? Ɗankwalina ya zame gefe, yanar gizo-gizo a kafaɗa, ƙura har a gira, ga ɗaurin kebul guda biyu a bakina don hannuwana ba sarari.

Gwaggo ta dube ni ta dafe ƙirji. "Na shiga uku. Likita, wallahi in ta yi wanka ba haka take ba."

Ya danne dariya ya miƙo min leda. "Sannu da aiki, Injiniya. Mai siton bai tabbata ba, sai na kwaso duk dogayen da na gani."

Na tofar da abin bakina a tafin hannu, na ce "Sannu da zuwa" da wata murya da ban san ina da ita ba. Cikin ukun da ya kawo, na tsakiya shi ne.

Sai dai wata sabuwa. Ramin suwic na ƙasa yana can lungu dab da bango, hannuna yana kaiwa amma idona ba ya gani. Na lalluba, na juya, kan kebul ya ƙi zama. Agogo yana ta tafiya, Manaja yana ta kaɗa makullai a kaina.

"Ba ki ganin ramin ne?" Likita ya tambaya. "Ina zuwa."

Ya fita da sauri ya dawo da wani ɗan madubi mai dogon mariƙi, irin wanda suke zura wa mutane a baki. Kafin in ce wani abu ya tattare farin yadin nan ya durƙusa a kan simintin da rabonsa da tsintsiya tun da aka gina shi. Ya zura madubin ta ƙasa, ya haska tocilar wayarsa.

"Aikina ke nan kullum," ya ce, "rami a lungu, ga duhu, ga mai shi yana ƙoƙarin cizona. Wannan ai ko motsi ba ya yi. Kin juya shi ne, mayar da rubutun sama. Yauwa. Dama kaɗan. Tura."

Ƙas.

Na ɗaure sukurorin, na ɗago, kanmu ya kusa gwaruwa. Shi ya fara kau da ido. A bayanmu na ji ƙarar ɗaukar hoto, amma hankalina bai kai can ba.

Na kunna na sama shi kaɗai, na jira ya gama farkawa.

"Sauran fa?" Gwaggo ta tambaya. Ta samu kujera ta zauna a bakin ƙofa kamar mai kallon fim.

"Sai shugaban ya tashi ya zauna daram tukuna, Gwaggo. In sabon ya riga shi, zai iya ƙwace shugabancin ya watsar da duk saitin."

"Ka ji ko, Likita? Ƙarfe ma ya san babba. Saura 'ya'yan zamani."

Na kunna sauran. Fankokinsu suka ɗauki gurnani, fitilu suka fara ƙiftawa. Na biyu ya yi kore. Na uku ya yi kore. Na huɗu ya tsaya a ruwan lemo yana ƙifta min ido kamar mai tsokana. Daga waje na ji ƙarar mota, masu sa ido sun iso.

"Lafiya?" Likita ya tambaya a hankali, har yanzu yana durƙushe.

"Yana karɓar saiti daga shugaban ne. Ko kuma ya ƙi. Ban sani ba tukuna."

"To mu jira shi. Sabon shiga ne, kunya yake ji."

Ban san lokacin da na yi dariya ba. Kafin in rufe baki fitilar ta koma kore. Na duba laftof: huɗu a jere, suna ɗaya, shugaba ɗaya, zobe a rufe. Na ruga zauren na kunna kwamfutoci a layin gaba da na baya da na sabon ɗaki, duk suka amsa. Na dawo na ce wa Manaja ya tsaya a ƙofar zaure ya sa ido, sannan na zare kebul ɗaya da gangan.

"Ke! Me kike yi?" ya ƙwala ihu, makullai suka zube ƙasa.

"Akwai allon da ya tsaya, Baba?"

Ya leƙa, ya sake leƙawa. "Babu."

"To abin da ya sa na ƙi tafiya ke nan."

Na mayar da shi na ɗaure. Da muke fita ya rako mu har mota, yana ta faɗa wa masu sa ido, "Injiniyarmu ce, injiniyarmu ce," kamar shi ya raine ni. Na tura wa Oga hoton fitilun. Ya amso da kalma biyu: "Aikinki ne." A wurin Oga wannan kusan waƙa ce.

A mota Gwaggo ta kame gaba, ni ina baya ina kakkaɓe gira a ɓoye. Duk hanya kanta a sunkuye tana ta danne-danne a waya, abin da ya kamata ya ba ni tsoro tun a lokacin. Muna tsayawa ta fice ta shige gida da sauri, ta bar mu a bakin ƙofa.

Gwiwoyin wandonsa sun yi baƙi ƙirin, kamar an buga musu hatimi.

"Na ɓata maka kaya," na ce.

"Za su wanku." Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Injiniya, in faɗa miki gaskiya? Da jawabi na zo yau. Tun daga gida nake bitarsa a mota."

"Jawabin me?"

"Na ban haƙuri. An ce min ke mai shiru-shiru ce, ba kya son fita, ba kya ɗaga murya, ko ƙuda ba kya korewa. Na ce wannan baiwar Allah in ta zauna da ni gundura za ta kashe mu duka. Na shirya in gaishe ku cikin mutunci, in ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Na dake. "To bismilla, ina ji."

"Na nema na rasa. Ina jin a bayan akwatin can ya faɗi." Ya buɗe ƙofar mota. "Zan kira ki anjima. Kira, ba saƙo ba. Na lura saƙonnina tsoro suke ba ki."

Na tsaya har motar ta sha kwana. Kada ku tambaye ni yanayin fuskata, ba zan faɗa ba.

Na shiga gida ina shirin shan faɗa, sai na tarar da falo tsit. Gwaggo tana zaune a gefen kujera tana kallon silin kamar ba ita ba. Mama tana tsaye da waya a kunne, tana ta "Haka ne, Hajiya. Gaskiya ne, Hajiya." Ta toshe bakin wayar da tafin hannu ta harari Gwaggo, sannan ta dube ni.

"Gwaggonki ta tura wa mahaifiyarsa hotonsa yana durƙushe a ƙasa, ke kina tsaye a kansa da sukundireba."

"Don ta ga sun saba ne!" Gwaggo ta ce. "Laifi ne?"

Mama ta miƙo min wayar. "Ungo. Ke take nema."

Na goge hannuna a jikin riga, ya ƙara baƙi. Na karɓa.

"Salamu alaikum. Ina wuni, Hajiya?"

Sannan wata murya ta fito, a natse, kowace kalma da ayarta da waƙafinta. Nan na gane inda ya gado.

"Ke ce kika durƙusar min da ɗa a kan siminti? Yaron da ko ƙwan fitila bai taɓa canza min ba a gidan nan?"

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Gobe da hantsi ina nan tafe," ta ce. "Ki faɗa wa mahaifiyarki kada a yi miki kwalliya. Yadda ya gan ki, haka nake so in gan ki."

Ƙit, ta kashe. Wayar tana hannuna har yanzu da nake rubuta muku wannan, kuma na juya muryar nan a kaina ta kowace fuska, wallahi na kasa gane ko dariya take dannewa ko fushi.